Uwargida, Ina Kika Ajiye Takardun Gidanki?

Yau filin namu zai taɓo wani abu da ba mu cika kula da shi ba, watau ajiyar takardu. Kowace mace ta san inda ta adana atamfarta da leshinta. Ta san yawan kwanonin da ke cikin jerenta, in guda ya ɓace kuwa, kafin magariba ta gane. Amma a tambaye ta takardar haihuwar ɗanta na biyu, sai ta ce bari maigida ya dawo. In ya dawo sai a shiga ɗaga katifa, ana zazzage adaka. A ƙarshe a sami takardar ninki huɗu, gefe guda gara ta ci, ɗaya gefen man shafawa ya ɓata.

Ra'ayina shi ne, ya kamata kowane gida ya mallaki fayil guda mai ledoji, kuma ke uwargida ke kika fi dacewa ki riƙe shi.

Ledar da nake nufi ba irin ta cefane ba ce. Wata leda ce garai-garai, daidai girman takardar ofis, a buɗe ta sama, gefenta da huji-huji don a jera ta cikin fayil. Kina zura takarda ciki, ana karanta ta gaba da baya ba tare da hannu ya taɓa ta ba, in kuma an bukace ta a zaro. Akwai fayil da ke zuwa da ledojinsa a haɗe kamar littafi. Masu sayar da kayan makaranta a Dutse da Birnin Kudu da sauran garuruwanmu suna da su, kuɗinsu kuwa bai kai na turmin zane ba.

Mu a wannan yanki mun fi kowa bukatar wannan abu. Da yawanmu a ɗakin ƙasa muke, a watan Agusta kuwa ruwa ba ya sallama. Ba mu manta da ambaliyar 2022 ba, wadda Jihar Jigawa na cikin jihohin da ta fi yi wa ɓarna. Gidaje sun rushe a ƙauyukan Dutse da Kiyawa da Jahun da Miga da Ringim, mutane suka kwana a makarantu. Wanda ruwa ya tasa da tsakar dare ba shi da lokacin bin lungu-lungu yana tsintar takardu. Amma idan duk suna wuri guda, hannu ɗaya ya isa, ɗayan kuma ki riƙe yaro. Haka yake ga gobarar hunturu. Leda ba ta hana wuta, amma fayil guda ya fi sauƙin fitarwa a kan takardu goma a wurare goma. Ko babu ruwa babu wuta, ai ga ɓera da kyankyaso da yoyon rufi.

To, me za a rasa in takarda ta lalace? Ki duba 'yarki da ta gama sakandare. Tun 2021 hukumar JAMB ba ta yi wa ɗalibi rajista sai da lambar shaidar ɗan ƙasa, watau NIN. In Allah ya ba ta gurbi a Jami'ar Tarayya ta Dutse, wadda aka kafa a 2011, ko a makarantar koyon aikin jinya ta Birnin Kudu, ranar tantancewa za a nemi takardar haihuwa, da ta asalin ƙaramar hukuma, da sakamakon WAEC ko NECO. Hukumar WAEC kuwa ta daɗe da ƙa'idar cewa ba ta buga takardar asali sau biyu. In ta lalace sai a bi wata hanyar tabbatar da sakamako, da kuɗi da zirga-zirga. Yarinya ta yi shekara shida tana ƙoƙari, bai kamata ɗigon ruwan rufi ya tsaya mata a gaba ba.

Ki duba kuma ke kanki. Rai na Allah ne. Ranar da aka zo rabon gado, takardar cinikin gona, da shaidar mallakar fili, da rubutun bashin da marigayi ke bin wani, su ne za su yi magana a madadin marayu. Shaidun da aka yi ciniki a gabansu suna tsufa, suna mantuwa, suna rasuwa. Matar da ba ta san inda takardun suke ba, sai abin da aka gaya mata.

Na san wata za ta ce takardu sha'anin maigida ne, kada ya ce ana yi masa bincike. Ai ba ƙwace za ki yi ba. Ki sayo fayil ɗin, ki fara da katin awonki, da katin rigakafin yara, da takardunsu na makaranta. Sa'an nan ki nuna masa, ki ce, "Maigida, ga wurin ajiya na yi mana, in da wanda kake so a sa." Namijin da ya taɓa makara zuwa ofis saboda neman takarda ba zai ƙi ba. In ya fi son nasa su zauna wurinsa, to, ki roƙe shi ya nuna miki wurin.

Wata kuma za ta ce ai gara a kai shagon kwamfuta a yi wa takarda laminatin, a huta. A nan ne nake jan kunnenku ƙwarai. Laminatin da zafi da gam ake manne roba a jikin takarda, in an manne kuwa an manne ke nan. Ba a iya ƙara sa hannu ko buga hatimi, ba a jin tudun hatimin da ke jiki, shi ya sa wasu ofisoshi ba sa son karɓar takardar asali da aka yi wa haka. Rasit irin na masu POS kuwa, yana jin zafin nan zai koma baƙi ƙirin. Ki yi fotokwafi, ki yi wa kwafin laminatin in kina so, ta asalin ki bar ta cikin leda.

Masu cewa yanzu komai yana cikin waya, da gaskiyarsu ta wani ɓangare. Ki ɗauki hoton kowace takarda, wannan dabara ce mai kyau. Sai dai waya tana faɗawa ruwa, ana sace ta, kuma a kotu ko wurin ɗaukar aiki sau da yawa ta asali za a ce a kawo.

Ga yadda za ki yi. Da fari ki tabbata takarda ta bushe sarai kafin ki zura ta, domin leda tana riƙe laima, laima kuwa ita ke kawo fumfuna. Ki cire ƙarfen da aka maƙala takardu da shi, don tsatsa tana ci. Ki warware ninki, kada ki liƙa salatif a wurin da ya yage. Takarda ɗaya, leda ɗaya. Wajen saye ki guji leda mai taushi da warin roba, irin ta tana manne wa rubutu ta kwashe shi. Ki ware wa kowane yaro sashensa, da sunansa a gaba. Ki juya bakin ledojin sama, ki sa fayil ɗin cikin jakar leda mai maɓalli, ki ajiye a wuri mai tudu, nesa da bango da rana da murhu. Kwafi ɗaya kuma ki kai gidan iyayenki. Bayan kowace damina ki buɗe ki duba.

Akwai wata riba da za ki samu ranar da kika jera su. Za ki ga a takardar haihuwa an rubuta Hauwa'u, a ta firamare Hauwa, a wata kuma ranar haihuwa ta bambanta. Irin wannan saɓani yana tsai da yara wajen rajista, gyaransa kuwa ya fi sauƙi tun yarinya tana aji ɗaya, kafin ya shiga takardar jarrabawa.

Ku kuma 'yan makaranta, kada ku jira Inna. Kowace ta tara kuɗin tara ta sayi nata. Ki sa sakamakon kowane zango da takardun yabo. Ledojin da suka rage ki adana abin da kike tarawa: zanen lalle, samfurin ɗinki, girke-girken da kika rubuta daga bakin kakarki, hotunan bikin iyayenki. In kin dace da tsohuwar takardar fam, irin wadda aka kashe kafin naira ta zo a 1973, ita ma ki ba ta ledarta.

Wannan ɗabi'a ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Malamanmu na dā warwara suke rubuta littattafansu, su haɗa su cikin tadarishi, su zura a gafaka, su rataye sama. Da haka rubutun hannu ya wuce daga kaka zuwa jika. Su da fata suka yi, mu ga leda ta samu da araha.

Don haka 'yar'uwa, kafin hadarin bana ya haɗu, ki ware yamma ɗaya, ki shimfiɗa tabarma, ki tattaro takardun gidan nan kaf. Rigakafi ya fi magani. Allah ya tsare mu da zuriyarmu, amin. Sai mun sake saduwa.