Ni da Duna, da masu ce mini Anasara

Daga Fas ta ƙasar Maroko nake rubuto muku, inda nake karatu shekara ta biyu. A sanyin bara na tsinci ɗan kwikwiyo cikin kwali bakin juji, 'yan uwansa biyu sun riga sun mace. Na naɗe shi a rigata na kai shi gidan da nake haya, na sa mai suna Duna. Tun ran nan wasu 'yan uwa ɗalibai suka laƙaba mini Anasara. Wai bursu bai ishe ni ba, na ɗauko najasa.

To, mu yi maganar. A mazhabar Malikiyya da muke bi, mu da mutanen Maroko, kare mai rai ba najasa ba ne. In ya sa baki a ƙwarya, a wanke ta sau 7, shi ke nan. Kuma duk wanda ya zauna gaban malam ya ji labarin mutumin da ya ɗebo ruwa da huffinsa ya shayar da kare, Allah ya gafarta mai. Na san an hana ajiye kare ba dalili. Duna ba ya kwana ɗakina, a tsakar gida yake, yana gadin gidan tsohon da ya ba ni haya, da yardarsa. Makiyayan Azawak ɗinmu da karnukansu fa, su ma Anasaru ne?

Wahala kam na sha ta. Na ba shi madarar shanu, zawo ya kusa kashe shi, sai likitan dabbobi ya ce in daina. Maganin tsutsa, sannan allurar haukan kare da ya cika wata 3, duk daga kuɗin abincina. Na koya mai fita ba-haya da asuba da bayan kowane ci. In ya yi daidai, 'yar loma. Ban taɓa dukansa ba.

Wanda ya kamata ku tsangwama kun bar shi. Ina nufin ɗalibin da zai ɗauki kwikwiyo don hoton Facebook, in hutu ya zo ya buɗe ƙofa ya kore shi. Karen da ya saba da hannu bai iya juji ba, mota ko yunwa ke gamawa da shi. Wallahi wannan shi ne cin amana, amma ban taɓa jin an sa mai suna ba.

Ni saura shekara guda in koma Maraɗi. Ba a fafe gora ranar tafiya: mun riga mun shirya da tsoho, Duna zai zauna wurinsa, takardar allurarsa tana hannunsa. In ba ka da inda za ka bar shi ranar komawa gida, ɗan uwa, kar ka ɗauka. Ba shi ruwa ka wuce, shi ma lada ne.