An tashi daga wasa ƙarfe biyun dare, to ina za mu kwana?



Duk lokacin da aka sa ranar bikin kiɗa a Yamai, ko Tawa, ko Maraɗi, ko Damagaram, abu uku muke gani a jikin afish: sunan mawaƙa, wurin wasa, da kuɗin tike. Abu biyu kuma ba a taɓa rubutawa: yadda mutum zai koma gida bayan an tashi, da inda baƙo zai sa haƙarƙarinsa. Ra'ayinmu a nan shi ne, wanda ya tara jama'a da dare, alhakin watsewarsu lafiya yana wuyansa, shi da ma'aikatar magajin garin da ta ba shi izini.

Mu ɗauki Yamai. A ce wasa a CCOG ne, ko a Palais du 29 Juillet. An ce za a fara ƙarfe takwas, amma kowa ya san babban mawaƙi ba zai hau dandali ba sai wajen sha biyu. Kafin a tashi, faba-faba ta daɗe da shiga kwana. Taksin da ya rage kaɗan ne, kuma kuɗin da aka sani da rana ba shi ne na dare ba. Ɗalibin da zai tsallaka gadar Kennedy ya koma Harobanda, da yarinyar da gidansu ke Talladje ko unguwar Aeroport, sai su tsaya bakin titi suna ciniki, ko su kama hanya a ƙasa. A Maraɗi da Damagaram da Tawa kuwa kabu-kabu da adaidaita ne. Mutum uku kan moto ɗaya, ba hular kwano, direba ya wuni yana aiki tun asuba. Wallahi wannan ba hanyar rufe daren farin ciki ba ce.

Wanda ya zo daga wani gari, nasa ya fi haka. Daga Damagaram zuwa Yamai kusan kilomita 900 ne, daga Maraɗi sama da 600. Kar tana tashi da asuba, ta bi Ƙwanni da Dogon Dutse da Doso, mutum ya wuni a zaune. Ya sauka, otel ya fi ƙarfin aljihunsa, domin kwana ɗaya na iya cinye abin da ya tara na tafiyar gaba ɗaya. Shi ya sa za ka ga samari kwance kan tabarma a tashar kamfanonin kar, jaka a ƙarƙashin kai, suna jiran motar asuba.

Za a ce mana, haba, ai ƙasar nan ba a rasa masauki, baƙonka annabinka, kowa yana da dangi a birni. Gaskiya ne, karamcin nan abin alfahari ne. Amma gidan kawu yana da ƙa'ida, ana rufe ƙofa bayan lisha da kaɗan. Wace yarinya ce za ta ƙwanƙwasa ƙofar gidan goggonta ƙarfe ukun dare ta ce daga wurin kiɗa take? Sakamakon a fili yake: iyaye suna hana ƴan mata zuwa, kuma ba za mu ga laifinsu ba. Talaka ya haƙura ya zauna gida. Biki ya koma na masu mota da masu kuɗin otel, alhali da sunan matasa aka nemi tallafin shirya shi.

Akwai wata asarar kuma. Duk hatsarin da ya faru a hanyar komawa, duk yarinyar da aka tare, duk wayar da aka fizge, a kan kiɗan ake ɗora laifin. Masu cewa a hana waɗannan tarukan su samu hujja a ɓagas. Mawaƙa da masu kayan sauti da mai tuyar ƙosai a bakin ƙofa su ne za su rasa abinci.

Ƙasar nan ta san karɓar taro, kada wani ya ce mana sabon abu ne. A zamanin Seyni Kountché bikin matasa na ƙasa ya riƙa zagaya jihohi, ƴan samariya suna hidimar baƙi. Kokowar takobin ƙasa har yau tana tara tawagogin jihohi takwas a gari ɗaya. Tawa ta saba da mawaƙan gasar Dan Gourmou. An yi Maradi Kolliya a 2015, Tahoua Sakola a 2017, Zinder Saboua a 2018, aka shimfiɗa tituna, aka gina masaukai. Sai dai a tsarinmu, tawaga da manyan baƙi ake yi wa tanadi. Ɗan kallon da ya biya kuɗin motarsa da guminsa, babu shi a lissafi.

Abin da muke nema ba ya buƙatar miliyoyi.

Na ɗaya, a fara wasa kan lokaci, a kuma rubuta lokacin tashi a jikin afish. Idan an fara bayan magariba aka tashi sha biyu, rabin matsalar ta kau.

Na biyu, kafin magajin gari ya sa hannu a takardar izini, masu shiryawa su zauna da sandikar masu taksi, da ta kabu-kabu da adaidaita. A yanke kuɗin dare na kowace unguwa, a liƙa a bakin ƙofa, a ware tasha mai fitila da ƴan sanda. Direbobin nan ba maƙiyanmu ba ne. Mutum zai kai ka nesa ya dawo fanko, ga mai, ga kasadar dare, dole ya ƙara kuɗi. A daidaita tun da rana, kowa ya san abin da zai biya.

Na uku, a yi hayar kar biyu ko uku da za su bi manyan unguwanni bayan an tashi. Ƴan daloli kaɗan a kan kowane tike sun isa su taimaka wajen biya.

Na huɗu, a buɗe gidan matasa, ko wata lakwal idan lokacin hutu ne, a matsayin masauki mai rahusa: ɓangaren maza daban, na mata daban da mata masu kula, ruwa, makewayi, mai gadi, da rajistar sunaye.

Mu ma muna da namu. Kada ka hau kar sai ka san inda za ka kwana. Ware jikar komawa daban, kada ta tafi a shayi da tsire. Ku tafi a rukuni, ku dawo a rukuni, kada a bar ƙanwar kowa ita kaɗai a bakin titi. Ka cika batirin wayarka, ka riƙe lambar ƴan sanda 17 da ta ƴan kwana-kwana 18. Wanda ya ji barci a idonsa kada ya tuƙa moto.

Tun ran gini, ran zane. Idan aka fito da afish na gaba, mu shiga ƙarƙashinsa mu yi tambaya cikin ladabi: ƙarfe nawa za a tashi, wace mota za ta maida mu, ina baƙi za su kwana? Idan mutum ɗari suka tambaya, dole a ba da amsa. Wanda ya amsa, mu cika masa fili. Wanda ya yi shiru, mu riƙe kuɗinmu.

Ku faɗa mana yadda abin yake a garinku. Allah ya kai kowa gida lafiya.