Kada Dara Ta Ci Gida A Agege

Duk wanda ya ratsa unguwannin Hausawa na Agege bayan sallar La'asar, zai tarar da mutane sun yi da'ira a inuwa sun duƙufa a kan dara. Galibi gurbi 30 ake haƙawa a ƙasa, kowane ɗan wasa da 'ya'ya 12, wannan da tsinke, wancan da tsakuwa. Wanda ya jera uku a layi ɗaya ya ci, sai ya ɗauke ɗa guda na abokin karawarsa.

Amma fa majalisar dara a baƙon wuri ta wuce wurin hira. A nan ne saurayin da ya sauka daga Arewa yakan ji labarin masauki da aikin yi, ko a kasuwar goro ko a mayankar Oko-Oba. Saboda haka abin damuwa ne a ga tsofaffin 'yan majalisa sun kankane gurabu, baƙo ya yini a tsaye, in kuwa ya sami zama ya yi ci, a ce ya karya doka.

Tushen rigimar shi ne, dokokin dara sun sha bamban daga gari zuwa gari. Wani wuri an hana taɓa ɗan da ke cikin jerin uku, wani wuri an yarda. Baƙo da ta garinsu ya zo, 'yan gida kuma tasu ba a rubuce take ba, sai an yi ci ake tuna ta. Daga nan sai musu, daga musu sai gori.

Maganin abin ba wuya gare shi ba. Da farko, a bayyana dokar majalisa kafin a saka ɗa na fari. Na biyu, wanda aka ci ya tashi, ko dattijo ne, don kowa ya sami rabo. Na uku, 'yan kallo su kame bakinsu, gama taron dangi a kan baƙo zalunci ne. Shi ma baƙo wajibi ne ya yi sallama, ya zauna ya ga kamun ludayin mutane, in kuma ya ci babba, kada ya yi masa dariya.

Ya kamata dattawa su tuna cewa su ma zuwa suka yi. Cinikin goro da hanyar jirgin ƙasa wadda ta isa Kano a 1911 su suka tara iyaye da kakanni a Agege, aka kuwa ba su wurin zama. Yaron da aka hana gurbi yau, gobe a teburin caca za a same shi, kuma sunan Hausawa ne zai ɓaci. Zo mu zauna, zo mu saɓa ne, amma kada a bari dara ta ci gida. Allah Ya kyauta.