Kada Mu Kai Tsofaffin Kuɗinmu Maƙera

Ina so in yi magana a kan abin da wasu za su ce wasan yara ne, wato tara tsofaffin kuɗi.

A ƙasashen Turai akwai masu zubar da dukiya don sayen kuɗin zinariya na zamanin da. Birnin Fulorans na Italiya ya fara buga nasa a 1252, Benis kuma a 1284, kowane ƙwaya bai wuce giram uku da rabi ba. To, ina suka samo zinariyar? Mai yawa daga cikinta raƙuma ne suka ƙetara Sahara da ita daga ƙasar Mali. Su suna adana abin da ya fito daga wajenmu, mu kuwa namu sai mu miƙa wa maƙeri ya narke, ya yi zobe ko warwaro.

Mu ma ai muna da abin tarawa. Kakanninmu sun yi ciniki da wuri, sannan da dalar azurfa mai hoton Sarauniya Mariya Tariza ta Ostiriya, wadda kullum 1780 ake bugawa a jikinta ko da an yi ta daga baya. Sunan dala bai mutu ba: duk wanda ya je kasuwar Maigatari ran Alhamis zai ji mutanen Nijar suna ƙirga sefa da shi. Sai kuɗin Ingilishi: anini mai huda a tsakiya, da tauraro da rubutun Larabci, goma ne ke yin kwabo, ga sisi, ga taro, ga sule, kafin naira ta kore su a 1973. Yau mutum ya ce ba shi da ko sisi, alhali bai taɓa ganinsa ba!

Na san wani uba zai ce kuɗin da ba ya sayen gero ba kuɗi ba ne. Gaskiya ne, yunwa ba ta san tarihi ba. Amma nawa maƙeri zai biya a kan anini? Da ƙyar ya sayi ƙosai, kuma in an narke shi ke nan.

A ganina, kowa ya roƙi kakarsa ta duba adakarta, a Gumel ne ko Gagarawa ko Sule Tankarkar. Abin da aka samu a kawo wa malamin tarihi, a rubuta garin da ya fito da shekarar da ke jikinsa, a sa a akwati mai gilashi a ɗakin karatu. Kada a goge da toka, don rubutun kan lalace.