Inda ido ya sauka

Ni dai na yarda ido ɗan aiken zuciya ne. A shekarun 1960 wani masani ɗan Rasha, Alfred Yarbus, ya nuna wa mutane hoto ɗaya yana sauya musu tambaya. Da ya ce su kintaci shekarun mutanen ciki, sai ido ya lafe a fuskoki. Da ya tambayi arzikin gidan, sai ido ya koma kan tufafi da kayan ɗaki. Yau kyamara ke bin ƙwayar ido, tana lissafa inda ya tsaya da daɗewarsa. Dillalin albasa a Giyawa ko Goronyo ya riga masana sani: buhun da ka waiwaya sau biyu, shi zai tsuga wa kuɗi. Damuwata ita ce kamfanonin talla, da suka rungumi na'urar don gano hoton da zai tsayar da idonmu a waya.