Fushinka Naka Ne

'Yan'uwana 'yan makaranta, akwai wata magana da mukan ji duk sa'ad da hargitsi ya tashi a gari, watau, "Ai su suka sa na yi fushi." A ganina wannan magana ba ta dace da bakin mai koyon aikin malanta ba, ga kuwa dalilina.

Ku tuna da abin da ya auku a Kafanchan cikin watan Maris na 1987. A kwalejin horon malamai rigimar ta soma, tsakanin ɗalibai Kirista da Musulmi, a kan wani wa'azi da aka yi a taron ɗalibai Kirista. Masu koyon malanta ne kamarmu. Cikin 'yan kwanaki wutar ta kai Kaduna da Zariya da Funtuwa da Katsina, aka ƙone coci-coci da masallatai, aka yi hasarar rayuka. Waɗanda suka ɗauki ashana a garuruwan nan ba su ji wa'azin da kunnensu ba. Labari kurum suka ji, ransu ya ɓaci, kowa ya ɗora wa wancan alhakin abin da hannunsa ya aikata.

To, ban ce kada ran mutum ya ɓaci ba. Wanda aka zagi addininsa, ko aka ƙone shagon ubansa, lalle ya ji zafi. Ɓacin rai da kansa yake zuwa, amma hannu ba ya ɗaukar sanda sai mai shi ya miƙa shi.

Ni kaina na faɗa wannan rami. Bara, sa'ad da aka tura ni gwajin koyarwa a wata firamare, ƙanwata ta buga mini waya da sassafe, ta ce ana faɗa a garinmu, har an ce an kashe mutane. Na shiga aji huɗu zuciyata tana tafasa. Wani yaro, ɗan ƙabilar da ake faɗan da ita, ya manta littafinsa na lissafi a gida. Na tsala masa bulala shida, alhali kuwa jiya-jiya wani ya manta nasa, faɗa kawai na yi masa. Yaron bai yi kuka ba, sai kallona. Da aka tashi, hedimasta, wani dattijo, ya kira ni ofis ya ce, "Malam, yaron nan shi ya kai faɗa garinku?" Kunya ta rufe ni. Kashegari na nemi gafarar yaron a gaban aji. Daga baya kuma na tarar rabin abin da aka gaya wa ƙanwata ji-ta-ji-ta ce.

Tun daga ranar na ɗaukar wa kaina ƙa'ida. In labari ya zo, sai in tambaya wane ne ya gani da idonsa, ba na kuwa tura wa kowa abin da ban tabbatar ba. In na ji zuciya ta hau, gara in gaya wa shugabana in zauna waje har ta sauka, da in shiga aji da ita.

Na sani wani zai ce wannan tsoro ne, ko yarda da zalunci. Ko kaɗan. Wanda aka cuta yana da hanyar kai ƙara wurin masu unguwa da dattawa da hukuma, mai magana cikin natsuwa kuwa shi aka fi saurara. Kowa ya ɗebo da zafi, bakinsa.

Gobe za a damƙa wa kowannenmu aji cike da 'ya'yan mutane, na kowace ƙabila da kowane addini. Abin da suka ga malam yana yi ranar tashin hankali shi za su riƙe, fiye da abin da ya rubuta a allo. Saboda haka mu koyi riƙe zuciya tun muna nan kwaleji, gama icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin.