Kafin ka zargi batirin kwamfutarka, duba saitinta

A Tasawa da Mayahi, duk mai shagon buga takardu ya san wannan tashin hankalin: ana tsakiyar buga wa mutum takardar neman aiki, sai wuta ta ɗauke, minti kaɗan kwamfutar ma ta bi bayanta. Nan take sai ka ji ana cewa batirin ya mutu. Sau da yawa kuwa batirin yana da sauran ƙarfi, saitin da aka bar kwamfutar a kai ne ke shanye shi.

Ra'ayina shi ne, a wurinmu bai kamata a bar kwamfuta a kan saitin cikakken gudu ba sai da dalili. Wannan saitin ya dace da inda wuta ba ta yankewa kuma ɗaki na da sanyi. Mu kuwa wutar jihar Maradi mafi yawanta daga Najeriya take zuwa, ta layin Katsina. Mun ga abin da ya faru a watan Agustan 2023, lokacin da Najeriya ta katse wutar bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, ba a maido da ita ba sai a watan Maris na 2024. A ƙauyuka da dama kuma faranti ɗaya na sola ne ke cajin wayoyin unguwa guda.

Gyaran ba ya cin ko dala. A Windows, cikin saitin wuta da batir, akwai zaɓi uku: tanadin wuta, matsakaici, da cikakken gudu. Mai rubutu a Word, ko lissafi a Excel, ko ɗalibin da ke karanta darasi, matsakaici ya ishe shi, ba zai ma ga bambanci ba. Sai hasken allo, wanda yana cikin manyan masu cin batir. Wasu suna barinsa a ƙure ko da dare, kamar suna haska tsakar gida. Rage shi zuwa rabi, ka sa allon ya mutu da kansa bayan minti 5 in ba a taɓa shi ba. Akwai kuma bambanci tsakanin kwamfuta ta yi gyangyaɗi da ta yi dogon barci. A gyangyaɗi tana ci gaba da tsotsar batir kaɗan-kaɗan. A dogon barci tana ajiye aikinka a ma'ajiyarta ta mutu gaba ɗaya, in ka kunna ka tarar da shi inda ka bari.

Zafi ma yana cikin lissafin. A watan Afrilu da Mayu, da rana ta take, zafi kan wuce digiri 40, kuma batirin kwamfuta ba ya shiri da zafi. Cikakken gudu na ƙara wa injin wuta a kan wuta, fanka na ta kuka, ƙura ta toshe hanyar iska, ga wanda ya ɗora ta a kan katifa. Wasu kwamfutocin Lenovo, Dell da ASUS suna ba da damar tsayar da caji kafin ya cika, misali a kashi 80, abin da ke ƙara wa batir kwana.

Na san za a ce to mai haɗa bidiyon biki fa? Gaskiya ne, shi yana buƙatar gudu. Ya jona ta da wuta, ya buɗe mata ƙarfi, in ya gama ya mayar da ita matsakaici.

'Yan uwanmu da ke ci-rani a Kano, Libiya, Aljeriya ko Faransa, kuna cikin masu aiko kwamfutocin nan, kuma galibi na hannu ne. Kafin ku biya kuɗi, ku sa mai sayarwa ya rubuta powercfg /batteryreport a gabanku. Rahoton zai nuna ƙarfin da batirin ya zo da shi daga kamfani da wanda ya rage masa yanzu. In ya faɗi ƙasa da rabi, ku nemi ragi ko ku haɗo da sabon batir, don samun irinsa a Mayahi ba ƙaramin aiki ba ne, sai an aika Maradi ko Kano.